Wanda Ya Riga Ka Kwanciya Dole Ya Riga Ka Tashi



Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin titi a Agege ko Ketu da ƙarfe 5:00 na asuba ya san Bahaushen Legas ba ya bukatar a koya masa sammako. A wannan lokacin masu sauke tumatir da albasa a kasuwar Mile 12 sun daɗe da jiƙewa da gumi. Mahauta sun kama hanyar kwatar Oko-Oba, mai shayi ya hura wuta, mai ga-ruwa ya turo kurarsa. Ma'aikacin da ke zaune a Ikorodu yana aiki a cikin gari tuni ya shiga layin mota, domin ya san in gari ya waye masa a gida, cunkoso zai cinye masa awa biyu ko fiye. A wajen tashi da wuri, babu wanda zai nuna mana yatsa.

To amma ga tambayar da ta daɗe tana damun mu a ofishin ƙungiya. Kowa yana cewa tashi da wuri lafiya ne. In haka ne, me ya sa mu masu sammakon nan muke ta fama da hawan jini, da ciwon suga, da ciwon kai marar jin magani? Mu ne muke riƙe da littafin gudummawa. Mun san sau nawa aka zagaya da takarda don biyan kuɗin asibitin wani ɗan uwa da ya yanke jiki ya faɗi a bakin sana'arsa, mutumin da bai kai shekara hamsin ba, ya bar ƙananan yara a gida. Cuta da mutuwa na Allah ne, kuma sanadinsu yana da yawa: gado, gishiri, damuwa, rashin zuwa awo. Sai dai akwai sanadi guda da ba mu cika ambatonsa ba, saboda mun ɗauke shi jarumtaka. Muna tashi da wuri, amma ba ma kwanciya da wuri. Rabin sammako muke yi, kuma rabin da muka bari shi ne mai ɗauke da lafiyar.

Mu yi lissafi tare. Masana barci sun daidaita a kan cewa baligi yana bukatar barcin awa 7 ko fiye a kowane dare. Matashi ɗan shekara 13 zuwa 18 yana bukatar awa 8 zuwa 10, yaro ɗan shekara 6 zuwa 12 kuma awa 9 zuwa 12. A Legas alfijir yana ketowa ne bayan ƙarfe 5:00 duk shekara, rana kuma tana fitowa tsakanin wajen 6:30 zuwa 7:00. Wanda ya zo daga Maiduguri zai lura gari yana jinkirin wayewa a nan da kusan minti 40, saboda Legas tana can yamma alhali agogon ƙasar ɗaya ne. Ke nan mai son tashi ƙarfe 5:00 da cikakken barci, dole ƙarfe 10:00 na dare ta same shi a kan shimfiɗa, wato kimanin awa biyu bayan sallar Isha'i. Wanda zai fita 4:30, tara da rabi ce tasa.

Yanzu kowa ya tambayi kansa, ƙarfe nawa ya kwanta jiya? Da yawanmu sai sha biyu, wasu sai ɗaya saura. Wanda ya kwanta sha biyu ya tashi huɗu da rabi, barcin awa huɗu da rabi ya samu. A mako guda jikinsa yana bin sa bashin fiye da awa 17. Kamar ɗan kasuwa ne da kullum yake cin uwar kuɗi yana ce mata riba. Rumfa a buɗe take, ciniki yana tafiya, amma wata rana za a wayi gari babu jari.

Jikin ɗan Adam yana da agogo na kansa, wanda ke zagayawa cikin kimanin awa 24. Wannan ba zancen baka ba ne. A shekarar 2017 aka bai wa wasu masana uku 'yan Amurka, Jeffrey Hall da Michael Rosbash da Michael Young, lambar yabo ta Nobel a fannin likitanci saboda gano yadda ƙwayoyin halitta ke tafiyar da wannan agogo. Cikin ikon Allah, a jikin ƙananan ƙudajen nan masu bin ruɓaɓɓun 'ya'yan itace suka gano shi. Abin da ke saita agogon kuwa shi ne haske. In duhu ya shiga, ƙwaƙwalwa tana sakin wani sinadari da ake kira melatonin, shi ke sanar da jiki dare ya yi, gaɓoɓi su saki, barci ya zo. In hasken safiya ya shiga ido, sai ta dakatar da shi, jiki ya wartsake, kuma daga nan agogon ya fara ƙirga lokacin da barcin daren gaba zai sauko. Shi ya sa mutumin da ke fita cikin hasken safiya a lokaci guda kullum yake samun barci cikin sauƙi da dare. Kakanninmu manoma ba su san sunan sinadarin ba, amma a kan tsarinsa suka rayu: a yi Isha'i, a taɓa hira kaɗan, a kwanta, a tashi da kukan zakara.

A cikin barcin nan jiki yake gyaran kansa. Bugun zuciya yana raguwa, ƙarfin bugun jini yana sauka, jijiyoyi su huta. Mai gajeren barci kullum yana hana zuciyarsa wannan hutun, kuma bincike da dama ya alaƙanta dogon ƙarancin barci da hawan jini, da ciwon zuciya, da shanyewar ɓarin jiki, da ciwon suga, da teɓa. Rashin barci yana dagula yadda jiki ke sarrafa suga, yana kuma ƙara kwaɗayin zaƙi da maiƙo. Ga saurin fushi da mantuwa. Sau nawa aka kawo mana ƙarar rigimar da ba ta taka kara ta karya ba, tsakanin abokan sana'a ko tsakanin miji da mata, in ka duba sai ka ga mutane ne gajiyayyu da ba su runtsa ba?

Direbobinmu da masu babur da masu keke-napep su saurara da kyau. Wani bincike da aka yi a Ostireliya a 1997 ya nuna cewa mutumin da ya yi awa 17 idonsa biyu, hankalinsa da saurin hannunsa suna raguwa kamar na wanda giya ta fara taɓawa. Wanda ya tashi 4:30 na asuba, da 9:30 na dare ya cika awa 17 ɗin nan. Bawan Allah bai taɓa kai barasa bakinsa ba, amma ga shi a kan sitiyari cikin irin halin mashayi, ɗauke da rayukan mutane. Gyangyaɗin daƙiƙa uku a kan hanyar Legas zuwa Ibadan ya isa ya mayar da mata zawarawa.

To idan aka yi sammakon gaskiya, wanda aka biya kuɗinsa tun da dare, me ake samu?

Na farko, natsuwa. Tsakanin Asuba da fitowar rana shi ne kaɗai lokacin da Legas ke yin shiru. Yawancin janareta sun mutu, hon bai fara ba, waya ba ta fara ruri ba. Mai ibada ya yi ibadarsa ba cikin magagi ba, ɗalibi ya yi bitar karatunsa, ɗan kasuwa ya duba littafin bashi da kai a sake. Aikin da zai ci awa biyu da rana, a wannan lokacin rabin awa ya ishe shi.

Na biyu, motsa jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar baligi ya samu aƙalla minti 150 na matsakaicin motsa jiki a mako. In ka raba, tafiyar sauri ta minti 30 ce kwana biyar. 'Yan uwanmu masu canji, da masu gwal, da teloli, da masu shago, waɗanda ke wuni a zaune, yaushe za su yi wannan tafiya in ba da safe ba? Da rana ga zafi da gumin Legas, da yamma ga hayaƙin motoci da gajiya. Da sanyin safiya ake kama fara.

Na uku, karin kumallo na hankali. Mai tashi a makare da gudu yake fita, ya sayi abin da ya samu a tasha, yawanci lemon kwalba da burodi ko soyayye. Mai lokaci kuwa zai sha kokonsa da ƙosai, ko ya ɗumama tuwon jiya, kuma mai shan maganin hawan jini ko na suga zai sha shi a kan ƙa'ida.

Na huɗu, walwalar zuciya. Wani babban bincike da masana a Amurka suka wallafa a 2021, wanda ya duba bayanan ƙwayoyin halittar mutum sama da dubu 800, ya nuna cewa masu ɗabi'ar kwanciya da wuri da tashi da wuri sun fi tsira daga ciwon damuwa mai tsanani. A lura, lokacin barcin ne gaba ɗaya yake matsowa, ba tsawonsa aka yanke ba.

Na biyar shi ne wanda ya fi taɓa mu a matsayin iyaye: iyali. Akwai magidanta a cikinmu da 'ya'yansu ba sa ganin su sai ranar Lahadi. Sun fita yara na barci, sun dawo yara sun yi barci. Uban da ya dawo gida da wuri ya kwanta da wuri, shi ne zai ga ɗansa da safe, ya ji karatunsa, ya lura da wa yake abota. Muna kuka yaranmu na nan ba sa jin Hausa sosai. A ina za su ji ta in ba sa zama da mu?

Mu faɗa wa kanmu gaskiya game da ɓarayin darenmu, domin duk mun san su. Akwai majalisa, wadda ke farawa bayan Isha'i da nufin gaisawa, ta ƙare sha biyu ana musun siyasar da ba za ta canja ba. Akwai gidan kallon ƙwallo: wasannin Zakarun Turai na dare suna farawa ƙarfe 8:00 ko 9:00 agogonmu, a tashi wajen goma ko sha ɗaya, sannan a buɗe sabon babin gardama a bakin titi. 'Yan wasan da muke hana idonmu barci dominsu suna da likitocin da ke kula da barcinsu, mu kuwa gobe da asuba muna tasha. Akwai waya, babbar ɓarauniya. An kwanta, an kashe fitila, sai a ce bari a leƙa WhatsApp ko TikTok na minti biyar. Haskenta yana jinkirta saukar barci, abin da ke cikinta kuma yana hana zuciya kwanciya. Garaɓasar data ta tsakar dare tana da araha a aljihu, amma jiki ne ke cika ragowar kuɗin.

Sai kuma goro da shayi. A nan za mu taɓa manya, a yi mana afuwa. Goro yana ɗauke da sinadarin kafin, irin wanda ke cikin kofi da ganyen shayi da lemukan ƙara kuzari da matasa ke sha. Kafin yana daɗewa a jiki: bayan kimanin awa 5, rabin wanda ka sha yana nan yana aiki. Wanda ya ɓare goro bayan Magariba, ya bi shi da shayi mai kauri ƙarfe tara, ya ce barci ya ƙi zuwa, shi ya kore shi da hannunsa. Ko da ya samu ya yi barcin, ba zai yi nauyi ba. A ci goro da hantsi, a sha shayi da safe, daga La'asar a ɗaga musu ƙafa.

Mun san za a ce mana, Sakatare, kana magana kamar ba a Legas kake ba. Gaskiya ne akwai uzurori, kuma ba za mu raina su ba. Mutum ya baro aiki shida, cunkoso ya riƙe shi sai tara. Ɗaki ɗaya mutum biyar, ga zafi, ga sauro, wuta ba ta zuwa sai tsakar dare, lokacin ne za a yi guga da cajin waya. Janaretan maƙwabci yana ruri a ƙarƙashin taga. Duk mun san wannan. Amma mu raba abin da ya fi ƙarfinmu da abin da ke hannunmu. Cunkoso ba namu ba ne, majalisa tamu ce. Wuta ba tamu ba ce, waya tamu ce. Ko awa ɗaya mutum ya ƙwato daga darensa, a mako ya samu awa 7, barcin dare guda cur. Tun da an ambaci janareta, muna roƙo kada a kwana da shi a cikin ɗaki ko a lungun da iska ba ta wucewa. Hayaƙinsa yana ɗauke da gubar da ba ta da wari, kuma ta sha hallaka iyali guda cikin barci a ƙasar nan.

Akwai kuma 'yan uwanmu da abincinsu a cikin dare yake: masu gadi, direbobin tanka da tirela, masu suya, masu shayin dare, ma'aikatan asibiti. Waɗannan ba za mu ce musu su kwanta goma ba, kuma haramun ne a kira su malalata don an gan su kwance da hantsi. Abin da ya kamace su shi ne su cike awanninsu da rana, a wuri mai duhu da shiru, a lokaci guda kullum. Wanda muke jin tsoronsa shi ne mai gadin da ke kwana a bakin get, gari na wayewa ya ɗauki babur ko ya buɗe tireda. Mun san halin rayuwa ne ya sa, amma jiki ba ƙarfe ba ne. Aƙalla ya ware awanni ya kwanta kafin ya shiga sana'a ta biyu.

Matasa ma a yi musu adalci. A shekarun balaga agogon jiki yana ɗan jinkirtawa da kansa, shi ya sa tashi ke yi musu wuya. Zagi da watsa ruwa ba sa gyara wannan. Abin da ke gyarawa shi ne a karɓe waya da wuri, a rage haske, a kafa lokacin kwanciya, kuma uba ya fara da kansa. Yaron da ke barin gida kafin shida don ya isa makaranta, in bai kwanta da wuri ba, a aji zai rama, sannan a ce ba ya da ƙoƙari.

Kada mu manta da iyayenmu mata. A gidaje da yawa uwargida ce farkon tashi kuma ita ce ƙarshen kwanciya. Ta tashi huɗu ta dafa na 'yan makaranta, ta wuni a kan sana'a, da dare kuma ta zauna jiran maigida ya dawo daga majalisa sha biyu don ta zuba masa abinci. Maigida, dawowarka da wuri sadaka ce ga lafiyar matarka. In ka san za ka yi dare, ka ce ta rufe maka abincin ta kwanta.

Mai son gyarawa, kada ya yi gaggawa. Wanda ya saba kwanciya sha biyu ba zai iya komawa goma a dare ɗaya ba, zai yi ta juyi ne kawai ya ce abin ba ya yiwuwa. A riƙa matso da lokacin da minti 15 ko 20 duk bayan kwana biyu ko uku. A tsayar da lokacin tashi guda, har ranar Asabar da Lahadi. In an tashi a fita a ga haske, kada a koma shimfiɗa da waya. A ci abincin dare da wuri kuma kada ya yi nauyi. A sa wayar caji nesa da gado. Wanda ya samu dama ya yi ƙailula ta minti 20 zuwa 30 bayan Azahar, ba dogon barcin bayan La'asar mai lalata na dare ba. Wanda kuma yake kwanciya da wuri amma kullum yana tashi a gajiye, ko iyalinsa suka ce yana minshari mai ƙarfi har numfashinsa na ɗaukewa, ya je ya ga likita. Cuta ce sananniya, tana da alaƙa da hawan jini, kuma ana magance ta. Kada a sayi ƙwayar barci a kemis ba tare da likita ya rubuta ba.

Daga ƙarshe, mu ma shugabanni ba mu tsira ba. Taronmu na wata-wata da ake kira bayan Isha'i, sau nawa aka fara shi a kan lokaci? A jira wannan, a jira wancan, a yi dogon jawabi, a tashi sha ɗaya ta gota, sannan wanda ya zo daga Ajah ko Sango ya kama hanya. Mu ne masu wa'azin lafiya, mu ne kuma masu hana mutane barci. Saboda haka za mu gabatar wa kwamitin zartarwa da iyayen ƙungiya shawarar a mayar da taron zuwa safiyar Lahadi, a fara a kan lokaci, a tashi kafin rana ta yi zafi. Haka nan muna roƙon a daina tura saƙonni a zauren WhatsApp na ƙungiya bayan ƙarfe 10:00 na dare, sai fa sanarwar rasuwa ko wani abin gaggawa. Masu biki da walima su ma su duba, a tashi da wuri ba ya rage armashin taro.

Neman halak ya raba mu da garuruwanmu. Akwai tsofaffi a gida da ke jiran abin da za mu aika, akwai yara a nan da ke kallon hannunmu. Jarin da muka zo da shi Kurmi bai wuce wannan jikin ba, in ya kwanta komai ya tsaya. Hausawa sun ce wanda ya riga ka kwanciya dole ya riga ka tashi. Mun daɗe muna faɗar wannan karin magana a kan girman manya, yanzu mu gwada ɗaukar ta a zahirinta. Daga daren yau, in goma ta yi, a yi sallama da majalisa, a kife waya.

Muna jiran ra'ayoyinku a kan sauya lokacin taro kafin zama na gaba. Allah Ya ba mu lafiya mai amfani, Ya bai wa marasa lafiyarmu sauƙi, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya sa albarka a cikin safiyarmu. Amin.

Sakataren Ƙungiya